Ku Tambayi Mma Nas: Allurar rage ƙiba da ciwon suga

Assalamu alaikum Mma Nas. Ina sayar da atamfa a Kejetia, gidana a Aboabo. Shekaruna 47, 'ya'yana biyar, nauyina kilo 98. Bara aka auna sugana da safe kafin in ci komai, ya nuna 8.2, aka ɗora ni a kan metfomin. Ƙanwar maigidana da ke Jamus ta zo biki, wallahi da kyar na gane ta, duk ta zube. Ta ce allurar Ozempic take yi sau ɗaya a mako. Yanzu akwai wata a WhatsApp da ke sayarwa, ta ce ba sai na ga likita ba. Shin insulin ce aka sauya wa suna? Tana warkar da suga? Kuma me ya sa nake shan koko da ƙosai da burodi da safe, amma kafin ƙarfe 10 jikina na rawa don yunwa? Hajiya, daga Aboabo.

Wa alaikumus salam Hajiyata. Kada ki tura wa matar nan ko sidi ɗaya tukuna. Zan zo kan dalili, amma mu fara da abin da ke cikin allurar.

Ba insulin ba ce. Kwaikwayo ce ta wani sinadari da hanjinki yake yi da kansa, sunansa GLP-1. Yana cikin dangin homon, wato sinadaran da wani sashe na jiki ke zubawa cikin jini don ya kai saƙo ga wani sashe. Ɗan guntun furotin ne, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 30 ko 31 a jere, kuma irin waɗannan gajerun likitoci na ce musu feftayid. Insulin ma feftayid ce, nata 51. Shi ya sa aka fi ba da su ta allura: in aka haɗiye su haka nan, ciki zai narkar da su tare da abinci kafin su kai jini.

Kin san motar albasa da ke tasowa daga Nijar. Direban kirki ba ya bari sai ya shigo Kumasi kafin a san da zuwansa. Tun yana Techiman zai buga waya a tara 'yan dako, a buɗe rumbuna. Suga shi ne kayan, insulin ita ce 'yan dakon da ke kwashe shi daga jini su kai tsoka da hanta, GLP-1 kuma shi ne wayar. Da abinci ya sauka hanji, wasu ƙwayoyi da suka fi yawa a ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji sai su sake shi. Ya je wa pankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, ya ce ta fito da insulin. Abin da ya fi burge ni game da shi, ba ya ba da wannan umarni sai suga ya hau, da ya sauka sai ya yi shiru. Yana kuma danne gulukagon, homon ɗin da ke sa hanta ta zuba suga cikin jini. Yana sa tumbi ya riƙa sakin abinci a hankali. Sannan ya hau ƙwaƙwalwa ya ce mata an ƙoshi, a ajiye cokali.

Tun 1964 masu bincike a Ingila da Amurka suka lura cewa in aka ba mutum suga ta baki, insulin da jikinsa ke fitarwa ta fi wadda yake fitarwa in ta jijiya aka ba shi, ko da sugan jinin ya kai mizani ɗaya. Ashe hanji na magana. A jikin mai lafiya, rabi ko fiye na insulin da ke fita bayan ya sha suga saboda saƙon hanji ne, kuma a jikin mai ciwon suga nau'i na biyu, irin naki, wannan saƙo ya raunana. Sai a shekarun 1980 aka gano GLP-1 ɗin kansa, a Boston da Kofanhagin. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai wata mace, Svetlana Mojsov, wadda aka daɗe ba a ambaton sunanta, sai a 2024 ta samu kyautar Lasker tare da Joel Habener da Lotte Knudsen. Mu mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

An gano shi, amma ya ƙi zama magani, domin akwai wani sinadari a jini, DPP-4, da ke yanka shi cikin kamar minti 2. Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba. A 1992 wani likita a Niyok, John Eng, ya samu sinadari mai kama da GLP-1 a dafin wani ƙadangare da ke hamadar Amurka da Meziko, wanda DPP-4 ba ya iya yankawa. Daga nan aka yi maganin farko na wannan dangi a 2005, allura sau biyu a rana. Kamfanin Novo Nordisk na Danmak ya bi wata hanyar: ya ɗan sauya GLP-1 na ɗan Adam, ya liƙa masa wutsiyar mai da ke sa shi maƙale wa furotin na jini, har ya kai mako guda kafin rabinsa ya fita. Shi ne semaglutayid, wanda Amurka ta amince da shi da sunan Ozempic a 2017 don ciwon suga, da sunan Wegovy a 2021 don ƙiba. Ga malaman da za su aiko mini da tambayar halarci: ba a matsar ƙadangare. Da yis, irin wanda ke kumbura burodi, ake haɗa semaglutayid a masana'anta.

Yanzu ga matsalar jikinki. Insulin ɗinki tana nan, wataƙila ma ta fi tawa yawa. Rumbunan ne suka ƙi buɗewa. In kitse ya taru a hanta da kewayen hanji da cikin tsoka, ƙwayoyin jiki sai su daina jin insulin yadda ya kamata. Pankiriyas ta ga suga bai sauka ba, ta ƙara turo insulin. Insulin mai yawa kuma tana hana jiki ƙona kitsen da ya ajiye. Haka za a yi ta yi shekaru, mutum bai san komai ba, awo ma yana nuna lafiya lau, har ƙwayoyin da ke yin insulin su gaji. Sugan safe na 8.2 da kika gani, bayan kin kwana ba ki ci komai ba, daga hantarki ya fito: ba ta ji umarnin insulin na ta daina zubawa ba. Daga 7.0 zuwa sama ake kiransa ciwon suga. Metfomin da kike sha, hantar nan yake yi wa waigi, kuma yana ɗan ƙara GLP-1 na jiki. Kada ki raina shi don yana da araha kuma katin inshorar lafiya na NHIS na ɗaukarsa.

Rawar jikin ƙarfe 10 kuwa, ki dubi karin kumallonki. Koko gero ne da aka niƙa aka tace har ba sauran dusa, aka zuba suga. Burodi farar fulawa ce. Su biyun ba sa daɗewa a ciki. Suga ya hau da gudu, insulin ɗinki ta makara, sannan ta zo da yawa, sugan ya rikito. Jiki na jin wannan rikitowa a matsayin yunwa ko da bai kai ƙasa sosai ba. Ki sa na'urar awo a jakarki, ranar da rawar ta zo ki auna nan take. In ya yi ƙasa da 3.9, ki sha abu mai zaƙi ki gaya wa likitanki, musamman in an haɗa miki da gilibenkilamayid ko gilikilazayid, don su ne ke faɗar da suga. Metfomin shi kaɗai ba kasafai yake yin haka ba.

Tana warkarwa? A'a. Tana aiki ƙwarai, wannan ba zan ɓoye miki ba. A wani babban gwaji da aka buga a 2021, mutum 1,961 masu ƙiba da ba su da suga, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, waɗanda aka yi wa allurar wofi kuma kashi 2 da ɗan ɗori. A masu ciwon suga ragin bai kai haka ba, wajen kashi 10 ne, wato a jikinki kamar kilo 10. Wani gwajin na 2023, na mutum fiye da 17,000 masu ciwon zuciya da ƙiba, ya nuna bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kashi 20 cikin 100. Taurin kan da jiki ke yi wa insulin ma yana sauƙi, amma galibi ta bayan gida: an rage ci, kitsen hanta ya narke, ƙwayoyi suka koma jin magana.

Sai dai da aka bi waɗanda suka daina allurar, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo. Na san abin da mutane za su ce, wai kwaɗayi ne. Ni ban yarda ba. Kitse da kansa yana fitar da wani homon, leftin, wanda aka gano a 1994, mai gaya wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Tumbi kuma yana fitar da girelin, mai tayar da yunwa. In mutum ya rame, leftin ya faɗi, girelin ya hau, kuma an auna an ga suna iya zama a haka har bayan shekara. Jikin yana ganin fari aka shiga. Na yi shekaru a ɗakin masu ciwon suga ina jin ma'aikata na yi wa mata faɗa kan cin abinci, alhali yunwar da matan ke faɗa gaskiya ce, a cikin jininsu take. Allurar tana rufe bakin wannan yunwa muddin ana yin ta. Saboda haka kafin ki fara, ki tambayi kuɗin wata ɗaya a kantin magani mai lasisi, ki ninka sau 12, ki duba ko cinikin atamfa zai ɗauka bana da baɗi. A Satumban 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan dangin magani cikin jerin magungunan da ba a rasa su, ga masu suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda. Ina fatan hakan ya karya farashi, amma yau da kuɗin yau za ki saya.

Tana da nata wahalhalu. Tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida, gyatsa mai wari, musamman a makonnin farko. Shi ya sa ake farawa da miligiram 0.25 na mako huɗu kafin a ƙara. Tana iya jawo tsakuwar matsarmama, wani lokaci kuma, ko da yake ba kasafai ba, kumburin pankiriyas: ciwon ciki mai tsanani da ke sokawa har baya, wanda asibiti ake kai shi a daren. Mai ciki ba ta yi, mai neman ciki ta daina wata 2 kafin nan. Wanda a danginsu akwai wata irin kansa ta tayirod, a gaban wuya, ba a ba shi. Wanda suga ya fara taɓa idonsa sai an duba idon tukuna. Kuma ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka, don haka dole a ci furotin a motsa jiki. Wace 'yar WhatsApp ce za ta tambaye ki duk waɗannan?

Ga kuma jabu. A Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi Ozempic na jabu da ake zaton insulin aka ɗura a ciki. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. In an shigar da jabu ƙasashen nan, ina ga wanda ya zo a akwatin wani? Ko na gaske ne ma, a firji yake zama tsakanin digiri 2 da 8 kafin a fara amfani da shi, bayan an fara kuma kada zafi ya wuce 30. Ke kin san zafin watan Maris a garin nan, kin san dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Ki je asibitin da ake duba ki, ko sashen masu ciwon suga na Komfo Anokye, ki ce a yi miki awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata uku, a duba ƙoda da ido. In likita ya rubuta miki allurar, ni ba ni da ja. Mace irinki ce aka yi ta dominta. Ki saya a inda za a nuna miki rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana.

Kafin nan akwai abin da za ki yi da GLP-1 ɗinki na gida. Ba zan yaudare ki in ce zai kamo allura ba, nasa na mintoci ne. Amma furotin da mai kaɗan da abinci mai dusa suna sa hanji ya fi sakinsa, kuma ƙananan gwaje-gwaje sun nuna in aka fara cin ganye da nama ko kifi kafin tuwo ko shinkafa, suga ba ya hawa kamar in an fara da tuwon. Ƙosan nan wake ne, kada ki daina shi, ki fara da shi. Burodin ne zai tafi, kokon ya koma rabin kofi ba suga, ki ƙara dafaffen ƙwai. In kin je wajen mai wake da shinkafa, ki ce ta yawaita waken, kada ta haɗa miki taliya da gari a faranti ɗaya, ta sa ganye da kifi ko wagashi. Tuwon zafi, malmala ɗaya ƙarama, miyar ayoyo ko kuka ta fi tuwon yawa. Sobolo da lamurji da burkina na roba, ki ɗauka lemon kwalba ne. Bayan kin ci, ki bar wa yarinyar shago ki zaga kasuwa minti 15, domin tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ba tare da ta jira insulin ba. A wani gwaji a Birtaniya da aka buga a 2017, kusan rabin waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi mai tsanani sugansu ya koma daidai ba magani bayan shekara guda, kuma waɗanda ciwon bai daɗe a jikinsu ba ne aka ɗauka. Naki shekara ɗaya ne kacal.

Mma Nas, ina wuni. Bikina saura wata huɗu. Ƙawayena sun ce na cika rama, suka ba ni ƙwayar deksa da wani maganin ruwa na buɗe ciki. Na yi wata biyu ina sha, na ciko, amma wuyana da hammatata sun yi baƙi, na goge da soso har na ji ciwo bai fita ba. Wane mai zan shafa? 'Yarki, daga Asawase.

'Yata, ba datti ba ne, kuma babu man da zai fitar da shi. Baƙin nan mai kauri da laushi a bayan wuya da hammata yawanci alama ce insulin ta yi yawa a jini, har tana sa fatar wurin ta yi ta tofo. Deksa ɗin nan, wato deksametason, da kike sha yana cikin magungunan da suka fi sa jiki ya ƙi jin insulin. Yana sa hanta ta zuba suga, yana cin tsokar cinya da hannu, ya tara kitse a fuska da ciki da doron wuya. Cikowar da kike gani ke nan. Yana ɗaga hawan jini, yana raunana ƙashi. Na ga 'yan mata da suka shiga ɗakin miji da ciwon suga ta wannan hanya.

Kada ki yar da shi yau ɗin nan. Wanda ya yi makonni yana sha, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, in ya tsaya farat ɗaya yana iya faɗuwa. Ki ɗauki kwalin ki je asibiti cikin makon nan, ki faɗi gaskiyar guda nawa kike sha, su tsara miki yadda za ki sauka a hankali, su auna suga da jini. In al'adarki ma tana tsallake wata, ki faɗa. Man bilicin kuma ki nisance shi, da yawansu irin wannan maganin ne a ciki.

Ga ƙawayenki da gwaggonninki masu cewa amarya sai da jiki: wani bincike mai suna RODAM, da aka buga a 2016, ya auna 'yan Ghana a ƙauyukan Ashanti, da Kumasi da Obuasi, da Amsadam da Balin da Landan. A ƙauye mata kusan 8 cikin 100 ne ke da ƙiba mai yawa, a birni kusan 34, a Landan fiye da rabi. Ƙiba za ta same ki a garin nan ba sai kin saye ta ba. Ki karɓi tef a hannun telarki ki auna ƙugunki daidai cibiya: mace kada ta wuce inci 31 da rabi, namiji 37.

Hajiya Nas, barka da aiki. Ni dattijo ne, shekaruna 63, kuma tun ina saurayi siriri ne. Shekara tara ina da suga, yanzu ina ta ramewa, ina fitsari sau biyar a dare. Ɗana ya ce zai aiko mini da sabuwar allurar nan daga Amurka don kada a kai ni ga insulin. Alhaji, daga Tafo.

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaron albarka, amma ya riƙe kuɗinsa tukuna. Ciwonka da na Hajiyar Aboabo suna ɗaya ne, hali daban. A nan Afirka muna da masu suga da yawa da ba su taɓa ƙiba ba, kuma a wurinsu matsalar ta fi karkata ga ƙarancin insulin ɗin kanta. Rama da yawan fitsari bayan shekara tara suna nuna pankiriyas ta gaza. GLP-1 umarni kawai yake bayarwa, in ƙwayoyin da za su amsa sun ƙare ba abin da zai fito, sai dai ya ƙara hana ka ci, kai da kake buƙatar tsoka.

Insulin ba alamar ƙarshe ba ce. Tun Janairun 1922, da aka fara yi wa wani yaro a Toronto, take raya mutane. Waɗanda ka ji an ce sun fara ta suka rasu, yawanci an ja lokaci ne har ƙoda ta lalace kafin su yarda. Kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati, ka je gobe da safe ba ka karya ba, ka ce a auna suga da HbA1c da ƙoda, a duba fitsari, a kuma bincika ko akwai wani dalilin ramar, kamar tarin fuka. Ka tafi da duk abin da kake sha a leda, har da jiƙon gargajiya. In amai ya zo, ko numfashi ya yi nauyi, ko ka ji kana gyangyaɗi da rana tsaka ba dalili, a kai ka asibiti a lokacin, ko tsakar dare ne.